Kwamfutar da Ba Ta Tashi Sai da Mari

A kamfanin motocin dakon kaya da ke bayan gidan mai, babu wanda zai iya cewa ga ranar da aka fara kiranta Uwar Ofis. Sunan ya bi ta har gida, mijinta ma in ta ɓata masa rai da shi yake kiranta. Gajeriya ce mai jiki, tabarau a rataye da igiya a wuya, kuma ba ta dariya kafin la'asar. Ta shigo kamfanin tun zamanin tafireta, lokacin da buga takarda sana'a ce da ake zuwa makaranta a koya. Tsofaffin direbobi sun ce a wancan lokacin in ta zauna tana bugu sai ka rantse ruwa ake yi a kan kwano.

Aikin nata ba ɓoyayye ba ne. Mota ba ta fita daga harabar kamfanin sai direba ya karɓi takardar kaya, ita kuwa takardar daga teburin Uwar Ofis take fitowa. Da aka kawo kwamfuta aka ɗauke tafireta, ta koyi sabon abin dole, tana tsaki tana koya. Sai dai kwamfutar ta cinye aikin kamar gara. Abin da a da yake buƙatar gwani, ya koma cike 'yan gurabe a danna firinta, aikin da ko mai gadi zai iya in an nuna masa. Masu kamfani suka rage ma'aikata, masinja ya tafi. Suka sake ragewa, ƙaramin akawu ya bi shi. Uwar Ofis tana nan daram a kujerarta, kuma kowa a harabar ya san dalili.

Dalilin shi ne kwamfutar ba ta tashi. Wata ƙatuwar aba ce mai ruwan toka, akwatinta a ƙasan tebur kusa da ƙafa. In an danna maɓalli da safe sai fanka ta juya, rubutu ya fara fitowa a allo kamar abin arziki, can sai allon ya yi shuɗi, ta ɗauke ɗif, ta sake farawa daga farko. Haka za ta yi ta yi har ka gaji ka bar mata. Sauya ta kuma ba ya yiwuwa, don manhajar takardun kaya a cikinta kaɗai take, mutumin da ya rubuta ta kuwa ya daɗe da ɓacewa har da lambar wayarsa.

Wata safiya, mijinta na kwance a asibiti bayan ya faɗo daga saman gini, direbobi sun cika taga suna surutu, Uwar Ofis ta sunkuya ta ɗauke akwatin da mari don haushi kawai. Kwamfuta ta yi ƙara ɗaya, ta tashi lafiya lau, ta yi aiki har yamma. Washegari ma haka. Daga nan marin ya zama sana'a: a gefen hagu, sama kaɗan, da tafin hannu ba da yatsu ba, bayan fanka ta fara juyawa amma kafin rubutu ya fito.

Wasu sun gwada, kada ka ce ba su gwada ba. Babban akawu ya shafa ta kamar mai lallashin jariri, ko gezau. Wani ƙaton direba da ake kira Birki ya kai mata duka ɗaya, ranar nan ba ta sake ko numfashi ba sai da Uwar Ofis ta dawo daga unguwa. Tun daga lokacin aka hana kowa taɓa ta. Manajan wancan zamani, wani dattijo mai sanyin magana da ake kira Sai-An-Duba saboda ita ce amsarsa ga komai, in an ce masa a kira mai gyara sai ya ce, "Sai an duba." In masu kamfani sun tambaye shi me taifis, mai buga takarda, take yi har yanzu a cikin masu albashi, sai ya ce, "To, in ta tafi wa zai tashi kwamfutar?"

Ita ma fa ta ɗauki abin da gaske. Albashin nan shi ne ke riƙe da gidan: miji a kwance a baranda da rediyo a ƙirji tun da bayansa ya ƙi ɗaukar nauyi, 'yar auta a makarantar jinya, ga surukarta tsohuwa da ba ta cin abinci sai da magani. Don haka ba ta taɓa ɗaukar hutu ba. Ko zazzaɓi take yi sai ta hau mota ta zo, ta mari kwamfuta, ta koma ta kwanta. Ta daina sauke tukunya mai zafi da hannun dama. In ƙannenta mata sun zolaye ta sai ta ce musu baiwa ce, ba kowa Allah yake ba ba, kuma har cikin ranta haka ta yarda.

Sai-An-Duba ya yi ritaya, aka kawo surukin mai kamfani a madadinsa. Saurayi ne mai ladabi, irin ladabin nan da ke sa gaban ma'aikaci ya faɗi. Mama yake ce mata, yana riga ta gaisuwa. A makon farko ya tsaya a kanta yana kallon marin safe, hannu a aljihu, sannan ya ce, "Ikon Allah," ya wuce ofishinsa.

Ba a yi wata biyu ba abin da take tsoro ya faru. Ta danna, fanka ta juya, ta mara, allo ya yi shuɗi. Ta sake, haka. Ta canza zama, ta cire zobe, ta sake mari. Har hantsi ya dubi ludayi tana abu ɗaya, tafin hannunta ya yi jawur ya kumbura, motoci sun yi layi a harabar, direbobi sun bar surutu sun koma kallo, wanda ya fi surutun ciwo. Sabon manaja ya leƙo ya ce, "Mama, ki huta haka nan. Na kira mai gyara."

Mai gyaran ya zo da jaka a kafaɗa, mutum ne mai furfura a gemu wanda ba ya sauri. Ya gaishe ta, ya nemi izini kafin ya ja akwatin, abin da ya ɗan sanyaya mata rai. Bai fara da buɗewa ba. Ya zare wayar firinta ya kunna, kwamfutar ta faɗi. Ya zare komai ya bar allo da madannai kawai, ta faɗi. Ya canza wayar wuta da tasa, ya canza soket, duk kanwar ja ce.

"A daidai ina take faɗuwa, Inna?"

"Bayan rubutu ya fara. Kullum a nan."

"Kullum a wuri ɗaya?"

"Na ce maka kullum."

Ya gyaɗa kai ya ɗauko sukuddireba. Da ya cire murfin, ƙurar da ke ciki ta isa a shuka albasa. Ya hure ta, ya duba ƙaramin batirin da ke kamar kwabo, ya taɓa wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Sai ya tsaya a kan wani siririn abu kore mai tsawon mataji, wanda ya ce ram ake ce masa, nan ne na'ura take riƙe tunaninta in tana tashi. Ya taɓa shi da ɗan yatsa, abin ya yi lilo. Maƙallin da ke riƙe shi ta gefe ɗaya a karye yake.

"Ga ɓarawon nan," in ji shi. "In ta kwana ta huce, sai ya ɗan ɗago daga mazauninsa. Marinki ne yake mayar da shi. Yau ƙura ta shiga ƙarƙashinsa, shi ya sa ko guduma kika sa ba zai zauna ba."

Ya juya murfin zai ajiye, sai ya tsaya yana kallon wata tsohuwar sitika a ciki. Ya yi ɗan murmushi. Ofishin ba kowa sai su biyu, manaja yana waje yana ba direbobi haƙuri.

"Ashe na taɓa buɗe wannan. Sitikar tsohon shagona ce. Wani dattijo ya kira ni ranar da ba aiki, shekaru da yawa ke nan. Na nuna masa wannan maƙallin, na ce aikin minti kaɗan ne. Sai ya ce in mayar da murfi in bar ta yadda na same ta, akwai wadda take ci da ita. Ya biya ni kuɗin mota na tafi."

Uwar Ofis ta lalubi igiyar da ke wuyanta. Ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa. Kunya ce ta fara kama ta, irin wadda ke hawowa daga wuya zuwa kunne, sannan haushi, sannan wani abu mai nauyi game da dattijon nan, Sai-An-Duba, da ta sha zagi a zuciya saboda sanyin jikinsa. Ashe duk shekarun nan ba baiwa ba ce. Tausayi ne, kuma ita kaɗai ce ba ta sani ba a cikin su ukun da abin ya shafa.

Mai gyara ya zare ram ɗin, ya goge bakinsa, ya hure mazaunin. Ya rage murya.

"Inna, hanya biyu ce. In na ɗaure shi da kyau, ta daina faɗuwa har abada, yaro ma ya tashe ta. In kuma na mayar da shi kawai, za ta koma halinta na da, sai da hannunki. Ni dai a waje cewa zan yi tsufa ne, a ci gaba da lallaɓawa. Ba wanda zai sani."

Ta yi tunanin miji da rediyonsa, da kuɗin makarantar 'yar auta da saura shekara guda. Tsoro ya kama ta sosai, ba za ta ɓoye ba. Ta kuma yi tunanin gobe da safe, ta sunkuya ta ɗaga hannu, direbobi na kallo ta taga da girmamawa, ita kuwa ta san abin da take yi. Jiya za ta iya, don jiya da gaskiyarta take mari.

"Ɗaure shi," in ji ta.

"Inna, ki yi tunani dai."

"Malam, kiranka aka yi ka yi gyara. Yi aikinka."

Ya ɗaure shi da wata 'yar igiyar roba, ya mayar da murfi, ya danna maɓalli. Fanka ta juya, rubutu ya fito, ya wuce, manhajar takardun kaya ta buɗe kamar ba ita ba. Uwar Ofis ta gyara zama ta buga takardun ranar da kumburarren hannu, motoci suka fita ɗaya bayan ɗaya.

Ƙarshen wata sabon manaja ya kira ta ofis, ya ba ta kujera, ya yi mata godiya mai tsawo a madadin kamfani, irin godiyar sallama daga aiki. Ba ta katse shi ba. Da ya gama sai ya roƙe ta, kafin ta tafi, ta miƙa aikin ga babban akawu, ta nuna masa duk abin da ya kamata ya sani.

Babban akawu ya zo da biro da takarda, ya ja kujera kusa da ita. Ta nuna masa maɓallin da ɗan yatsa. Ya danna, kwamfuta ta tashi. Ya jira, biro a hannu.

"Sai me kuma, Uwar Ofis?"

"Shi ke nan," in ji ta, ta ɗauki jakarta.