Motar da Ke Jin Ɗari

Murfin tukunya ne ke fara kaɗawa, kar-kar-kar, tun ban shafa addu'ar asuba ba. Ruwan ba na koko ba ne, na mota ne.

A shekarun farko na ƴancin kai maigidana ya sayi wata tsohuwar mota hannun wani Bature da ya ƙetaro hamada ya gaji da ita a Dakoro. Cikinta har da gado da ɗan murhu. Ya cire gadon, yana loda gero da wake zuwa kasuwannin Sabon Maci da Ɗan Gulbi.

Da bazara lafiya lau take. Ɗari na shigowa sai ta koma tsohuwa mai tari. Ta tashi tana makyarkyata, da an ɗaga ƙafa ta mutu, allurar ma'aunin zafin inji ko motsi ba ta yi. Sai in juye mata ruwan ɗumi, in tura kaskon garwashi ƙarƙashin inji, shi kuma ya rufe mata hanci da buhu. Ni ke zama mazaunin matuƙi ina ba ta wuta da ƙafa, yana can gaba yana murɗa wata ƙusa.

"Sannu-sannu, uwargida, ba daka kike ba!"

"To Malam, zo ka taka, ni in murɗa."

Nan muke kaiwa hantsi, autarmu a cinyata, shi yana kurɓar koko a tsaye yana ba mu labarin hanya. Duk shekara, a nan kaɗai nake samunsa ba ya sauri.

Wani makanike a Maraɗi ya gano ciwon. Ashe masu gyaranmu, don tsoron zafin bazara, sun cire mata wani ɗan ƙarfe da ake kira kalorsta, mai tsare ruwa har inji ya ɗumama. Haka suke wa kowace mota. Ya mayar da shi, ya daidaita tsayuwar injin. Na taya maigida hamdala, kuma har zuciyata na yi.

Tun daga nan, kafin in naɗe darduma motar ta ɗumama. Mota ta warke, hanya ta yi tsawo: Maraɗi, Katsina, har Kano, sai maigida ya yi makonni bai dawo ba. Rumbu ya cika, ban yi wa Allah butulci ba. Amma asuba ta yi mini faɗi.

Wata safiya muna tsaye bakin zaure har ƙarar motar ta ɓace, autar ta ja mini zane.

"Inna, in kin yi salla ki roƙi Allah ya maido mata tarin nan, ko Baba ya sha koko da mu."