Matar da ke zuwa gidanmu ran Laraba

A shekarun da muke kira kiriz, lokacin da gwamnati ta daina ɗaukar ma'aikata, yayana ya gama jami'a. Shekara biyu yana zagayen ofisoshi da takardu a hammata. Da ya gaji, sai ya je wajen wani mahauci a bakin titin Briqueterie, a nan Yaoundé, ya koyi gashin soya, wato tsire, ya kafa tukubarsa.

Babanmu tela ne. Tun ranar da labarin ya iske shi ya daina amsa gaisuwar Yaya. In Yaya ya shigo tsakar gida, sai Baba ya tashi ya koma shago. Inna ta zama 'yar aike tsakanin mutum biyu da ke kwana gida ɗaya, har ta fara ramewa. Limamin unguwa ya zo sau biyu ya yi nasiha. Baba ya saurare shi da ladabi, ya raka shi ƙofa, ba abin da ya sauya.

Ciwon kai ne ya kai Inna asibiti, can aka haɗa ta da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Bafulatanar Garwa, mai Hausa da karin Fulatanci. Madam muke ce mata. Ma'aikata irinta an zaftare musu albashi, don haka a ƙafa take tahowa daga unguwar Nkomkana duk Laraba bayan la'asar.

Zuwan farko ko sunan Yaya ba ta kama ba. A shago ta zauna, tana tambayar Baba yadda aka yi ya zo Yaoundé. A na biyu ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ce kowa ya zauna, har ni da nake 'yar shekara ashirin. Sharaɗinta ɗaya ne, in wani na magana ba a katse shi. Baba ya ce shi ba zai zauna 'ya'yansa su yi masa shari'a ba. Ta ce lafiyar matarsa ce ta kawo ta. Ya zauna, amma ya juya gefe.

Ranar Yaya ne ya yi magana. Ya faɗi yadda masu gadin ofisoshi suka haddace fuskarsa, suna mayar da shi tun daga ƙofa. Laraba ta uku kuwa Baba ƙin fitowa ya yi daga shago, muna jin ƙarar kekensa har Madam ta tafi.

A ta huɗu ta tambaye shi, in ya tuna ɗansa a bakin wutar nan, me ke fara zuwa masa a rai. Ya daɗe yana murza carbi.

"Mahaifina malamin allo ne," in ji shi. "Ya ce kada in sa yaron nan lekol, makarantar boko. Na saɓa masa, na ce zai ga amfanin abin. Har ya rasu bai sake taka gidana ba. To yanzu me zan ce na saɓa masa a kai?"

Ko Inna ba ta san da wannan ba.

Yaya ya ce, "Baba, ni na ɗauka kunyar sana'ata kake ji."

"Akwai ita ma," in ji Baba.

Na zaci Madam za ta ce su yafi juna. Ba ta ce ba. Ta roƙi Baba abu guda, in an gaishe shi gobe ya amsa. Washegari ya amsa kuwa, ciki-ciki, idonsa na kan ɗinki.

Ta ci gaba da zuwa kusan wata biyu, yawanci wajen Inna, kafin a mayar da ita arewa. Yaya bai taɓa samun aikin ofis ba. Daga baya ya koma cinikin shanu a Etoudi. Baba kuma har ya bar duniya bai je tukubar nan ba, ban kuma san ko zuciyarsa ta huce gaba ɗaya ba. Amma sun riƙa zama su yi hira, wani lokaci har da gardama, kuma da Yaya ya tashi aure, Baba ne ya ɗinka masa kayan da ya sa.