Neman Yaya Ishaku a Maigatari

Mun tashi da asuba daga Kano ranar Alhamis, ni da maigidana, don mu riski kasuwar Maigatari tana ci. Masu tambayata abin da ya kai ni bakin iyaka, ba raƙumi na je saye ba. Yayana Ishaku na je nema.

Yaya Ishaku tela ne a da. Shekarun baya ya fara zuwa wata babbar coci a birni, inda ake wa'azi cewa talauci ba rabon ɗan Allah ba ne, duk wanda ya bayar da bangaskiya sai an ninka masa. Ya ɗauki kekensa na ɗinki ya kai cocin a matsayin baiko. A ranar ya tsaya gaban jama'a ya ce ba zai sake taka ƙauyenmu ba sai a cikin motarsa, ya ɗauki Inna ya kai ta sujada. Motar ba ta zo ba, shi ma bai zo ba. Har Babanmu ya rasu ba ya nan. Bana da idon Inna ya fara raunana, wani mai fataucin awaki ya ce mana ya gan shi a Maigatari.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, duk da haka direba ya cusa mu a baya kamar kayan wanki. Kaka ta yi kyau. Dammunan gero a tare, riɗi a jingine yana bushewa, zoɓo ya yi ja har bakin kwalta. A Gagarawa Tasha muka tsaya. Maigidana da ya ce yana azumi da addu'a har sai mun ga Yaya, ƙamshin ƙosai na dukansa ya ce ai Ubangiji zuciya yake dubawa.

A Gumel muka nemi wata ƙaramar majami'a mai rufin kwano. Faston dattijo ne, mun same shi yana ɓarar gyaɗa a ƙofar gida. Ya san Yaya. Ya ce yakan zo wata Lahadin ya zauna a bencin ƙarshe, ya yi waƙa da muryar da babu irinta a ɗakin, amma kafin a ce baƙi su tashi su gabatar da kansu ya fice. Ya ce mu je kara, wurin shanu, mu tambayi Ishaku mai igiya.

Maigatari kuwa sai wanda ya gani. Raƙuma a durƙushe, Buzaye da rawunansu, masu cuku da dabino da kanwa, Hausar Damagaram na tashi ta ko'ina. Can na hango Yaya yana jan wani bijimi zuwa bakin tirela. Furfura ta fito masa a gemu. Tafiyarsa ta Baba ce sak.

Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Auta, ke ce?"

Maigidansa, wani Alhaji dillalin shanu, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka damo fura. Ya ce, "Baiwar Allah, ɗan'uwanki bai taɓa cin amanata ba. Na gaji da ce masa ya je ya ga mahaifiyarsa."

Na faɗa wa Yaya halin da idon Inna yake ciki. Ya sunkuyar da kai.

"A gaban Allah da jama'a na yi maganar nan, Auta. In na koma a ƙafa, ko dai bangaskiyata ce ta gaza, ko kuma ƙarya aka yi mini da sunan Yesu. Ban san wanne zan iya ɗauka ba."

"Yaya, Inna ba ta taɓa tambayar mota ba. Kai take tambaya."

Sai ya shiga tambayata ko tsamiyar ƙofar gida tana nan, wa ke jan waƙa a cocinmu yanzu, a wane gefe aka binne Baba. Da la'asar ya raka mu tasha, ya sayo cuku da dabino ya danƙa mini. Na matsa na bar masa wuri a kujera. Ya riƙe ƙofar motar kamar zai shigo, sannan ya rufe ta a hankali ya ce, "Ki ce mata ina tafe."

Motar da muka samu ta Sule Tankarkar ta bi, ta sauke mutane a Ɗanzomo. Ban ga komai a hanyar ba, don idona a cike yake da hawaye.

Ban dawo ina zagin kowace coci ba. Na dai gane cewa idan aka koya wa mutum auna ƙaunar Allah da abin hannunsa, ranar da hannun ya zama wayam kunyar Allah zai ji, har ya kasa shiga gidan uwarsa.

Washegari na isa ƙauye, na ba Inna saƙon. Ta shafa cukun, ba ta ci ba. Ta tambaye ni ko ya rame, na ce kaɗan. Sai ta ce in nuna mata ɓangaren da Maigatari take. Na kama hannunta na nuna arewa. Tun ranar, in ta fito shan iska da yamma, can take juya kujerarta.