Tsohon Garin da Ruwa Ya Janye Ya Bari

Har gobe ba na mantawa da ranar Talatar da na kai wata baƙuwa kufan Tungar Kanya. Ƙarshen watan Yuni ne, saura shekara huɗu in ajiye aiki, ina mataki na tara a sashen al'adu da yawon buɗe ido na ƙaramar hukumarmu a ƙasar Yawuri. Mu uku ne a sashen, aikinmu kuma bai wuce shirya bikin tseren kwale-kwale da rakiyar ɗaliban da ke zuwa bincike ba.

Wata guda kafin nan wasiƙa ta zo daga Kaduna. Wata mata mai suna Malama Saratu ce ta rubuto, ta ce tana haɗa ɗan littafi a kan wuraren da ma'aikacin birni zai iya zuwa hutun kwana biyu ko uku ta jirgin ƙasa, kuma ba ta son wuraren da kowa ya sani. Da muka karanta sai da muka yi dariya, don mu jirginmu na ruwa ne. Amma ta riga ta amsa wannan a ƙasan wasiƙar: za ta sauka a Minna, ta ƙaraso da mota ta Kwantagora, masu karatunta ma haka za su yi.

Daraktanmu, Alhaji Mu'azu, ya rubuta a gefen takardar cewa Malam Haruna, wato ni, ya yi abin da ya dace. Ga wanda bai san aikin ba, abin da ya dace yana da tsari. Za ka rubuta jerin wuraren da za a je, darakta ya sa hannu. Za ka sanar da hakimi, shi kuma ya aika wa mai garin kowane ƙauye da ke cikin jerin. In akwai shiga ruwa, za ka nemi jirgi ta hannun sarkin ruwa, ka ƙirga rigunan kariya daidai da kawunan mutane. Bayan baƙo ya tafi, kana da mako guda ka kai rahoto. Duk na yi waɗannan. Jerina wuri uku ne: kasuwar kifi, wajen masu ƙera jirage a bakin ruwan Yelwa, da ragowar ganuwar Birnin Yawuri.

Ran Litinin muka gama da kasuwa da ganuwa, ran Talata da safe muka je wajen masu ƙera jirage. Malama Saratu mace ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana. Ta yaba komai, amma na lura littafin rubutunta bai ci ko shafi biyu ba. Da na tambaye ta ko akwai abin da bai yi mata ba, sai ta ce komai ya yi, illa dai duk ta taɓa karanta labarinsu a wani wuri.

Direban jirgin da sarkin ruwa ya ba mu, Ɗanjuma, yana jinmu. Shi ya ce bana ruwa ya janye fiye da yadda ya saba, har kufan garinsu, Tungar Kanya, ya fito fili. Tun da aka tare kogi a Kainji tafki ya shanye garuruwan tsibirai da na gaɓa, aka kwashe mutanensu zuwa sababbin matsugunai a tudu. A irin wannan lokaci, kafin sabon ruwa ya sauko, tafkin yakan ja baya, wasu shekarun har a ga inda aka taso. Shekarata ashirin da ɗoriya a aikin, ban taɓa zuwa ba. Na ga idon baƙuwata ya kawo haske, ni ma kuma ina son in gani. Wurin ba ya cikin jeri, ba a sanar da mai garinsu ba, na kuma sani sarai. Na ce wa kaina leƙawa kawai za mu yi. Muka sa riguna, muka shiga jirgi.

Tafiyar sa'a ɗaya ce da 'yan mintoci, ruwa kwance lumui. Muka sauka a kan laka da ta bushe ta tsattsage. Da farko ban ga komai ba sai ɗanyar ciyawa da shanun Fulani da belbelu a bayansu. Da muka ƙara gaba sai gari ya fara bayyana. Ga da'irar tushen ɗakuna, ga gurbin rumbuna, ga fasassun tukwane sun nutse rabi a ƙasa. A kusan kowane gida akwai dutsen niƙa a zaune inda mai shi ta bar shi, cikinsa ya rarake da aiki. Malama Saratu tana ɗaukar hoto tana rubutu, ba ta ko ɗaga kai.

Ta gabas akwai wasu duwatsu a jere, sun fi sauran tsari. Na hau kan wani mai faɗi don in hango mata iyakar garin. Ina tsaye a nan sai ga wata tsohuwa ta tuƙo ƙaramin kwale-kwale ita kaɗai, ta ɗaure shi, ta tako a hankali da tsintsiya a hannu. Ɗanjuma ya durƙusa ya gaishe ta, ya raɗa mini cewa Inna Kande ce, yayar mai garinsu. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi hanya, ta tambayi mutan gida. Sai da gaisuwa ta ƙare tsaf ta dube ni.

"Ɗana, sauka daga bisa babana."

Ban san lokacin da na diro ba. Maƙabartar garin ce. Ɗanjuma an haife shi ne a sabon gari, bai san iyakarta ba, ni kuwa ban tambayi kowa ba. Na cire hula, na tsuguna ina ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, wanda bai sani ba bai yi laifi ba, amma da mun biya ta gari da an haɗa mu da wanda ya sani.

Ba ta kore mu ba. Ta share kabarin, ta yi addu'a, sannan ta zaga da mu. Ta ce tana budurwa aka tashe su. Duk shekarar da ruwa ya bari sukan zo, Musulminsu da Kiristansu da masu bin al'adar kakanni, kowa ya gai da nasa yadda ya iya. Akwai lokacin da suka yi shekara biyar ruwa bai ba su hanya ba. Ta kai mu gidansu, ta kama hannun Malama Saratu ta sa a cikin ramin dutsen niƙan innarta, ta ce nan ta koyi niƙa. Daga nan baƙuwata ta mayar da kyamara jaka, ba ta sake fito da ita ba.

Washegari da Malama Saratu ta je ofis sallama, darakta ya nemi ganin hotuna. Yana ganin na kufan ya miƙe zaune. Ya ce wannan ne abin da muka daɗe muna nema. A kafa allo a bakin hanya, a kira 'yan jarida, shugaban ƙaramar hukuma ya kai ziyara kafin ruwa ya dawo. Ba mugun nufi gare shi ba. Shekara da shekaru ana ce mana sashenmu ba ya kawo komai, ga shi abu ya zo har gida.

Na kwana biyu ina juya rahotona. A ƙarshe na rubuta gaskiya: na kai baƙuwa inda ba ya cikin jeri, ban sanar da mai gari ba, na taka kabari. Na ba da shawarar kada a ambaci wurin a ko'ina sai masu shi sun yarda. Na san da hannuna na rubuta abin da za a iya ba ni takardar tuhuma a kansa, takardar da ke shiga fayil ta tsayar wa mutum ƙarin girma.

Alhaji Mu'azu ya kira ni ofis, rahoton yana gabansa. Ya ce ƙasar da ke ƙarƙashin tafki ta gwamnati ce, ba ta wani ƙauye ba.

"Ranka ya daɗe, ƙasar ta gwamnati ce," na ce, "amma waɗanda ke kwance a cikinta suna da 'ya'ya. A ba ni mako ɗaya."

Ya rufe rahoton. Ya ce ya ba ni, amma in littafin ya fita babu sunanmu a ciki, ni zan yi wa shugaba bayani da bakina.

Na kira Malama Saratu. Ta ce ita ma abin yana ranta, ta rubuta shafin amma ta kasa miƙa shi. Ta turo mini. Wannan karon na bi hanya: na je wa hakimi, hakimi ya aika, ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na isa sabuwar Tungar Kanya da goro. A ƙofar gidan mai gari na karanta shafin da ƙarfi, Ɗanjuma yana juya wa tsofaffi da Gunganci, yaren garin.

An daɗe ana magana. Matasa suna son baƙi, don za a hau jiragensu, a sayi kifin matansu. Dattawa suna tsoron a yi ta ɗauke duwatsun niƙa ana kaiwa birni ado. Wani ya ce a bar zancen gaba ɗaya, kuma na ga kawuna da yawa sun gyaɗa. Na riga na fara shirya abin da zan gaya wa shugaba. Sai mai gari ya juya ya tambayi yayarsa.

"Su zo," in ji Inna Kande. "Jikokinmu ma ba su san wurin ba, ƙila in sun ga baƙi na zuwa su tambaya. Amma su biyo ta gari, ɗanmu ya shige musu gaba. Ba a ɗaukar ko tsakuwa. Wajen kushewa kuwa, ido ya isa."

Haka aka rubuta, mai gari ya dangwala hannu, na kai wa darakta. Littafin ya fito da shafinmu, da hoton dutsen niƙa guda ɗaya, da sharuɗɗan nan uku a ƙasa. Takardar tuhuma ba ta zo ba. Alhaji Mu'azu ya ja mini kunne da baki, ya kuma fasa kafa allon. Baƙi ba su yi yawa ba, ba kuma kowace shekara ruwa ke bari ba, amma suna zuwa, kuma har na bar aiki ban ji an rasa dutse ko ɗaya ba.

Ku da kuke kan aikin yanzu, za a riƙa matsa muku ku nemo wurin da ba a sani ba. Ku tuna cewa duk wurin da muke kira haka, akwai waɗanda suka san shi tun kafin a haife mu, har suna da nasu a kwance a ciki. Sanar da mai gari da nake ɗauka cika takarda ne kawai, ashe shi ne rabin aikin. Kafin ku nuna wa baƙo wuri, ku fara nemo mai shi, ku zauna ku ji ta bakinsa, ko da kuwa jirgi yana jiranku a bakin ruwa.