Malamar da Ta Hana a Rushe Tsohuwar Majami'armu

Da safiyar Laraba, goma sha tara ga watan Yuni, babbar 'yarki ta kira ni ta ce kin cika, bayan jinyar makonni biyar. Shekarunki tamanin da uku. Ina kan tsani a lokacin, ina duba indararon tsohuwar majami'a. Na sauko na zauna a kan dakali.

Malama, ke kika koyar da ni a aji uku, amma ban san ki sosai ba sai shekara shida da suka wuce. Mun gama gina sabuwar majami'a mai cin mutum dubu, dattawa suka kawo shawarar a rushe ƙaramar a sami wurin ajiye motoci. Ni ne injiniyan da aka ba rubuta rahoto, kuma gaskiya na gama yanke hukunci tun ban leƙa ginin ba. Na tarar da ke a bakin ƙofa da makulli a hannu. Kika ce, "Injiniya, ka auna, ko ji ka yi an ce?" Na ce ai kowa yana ganin tsagewar bangon. Kika ce, "To hau ka duba da idonka. Ban koya maka kwafar amsar wani ba."

Na hau. Bangon dutse ne, lafiyarsa ƙalau, yaɓen ne kawai ya tsage. Katako biyu na rufi ne gara ta cinye. Da na sauko kika zaunar da ni a bencin baya, kika ba ni labarin da ban taɓa tambaya ba. 'Yan Metodis na farko a nan, mutum talatin da ɗaya, yawancinsu leburori da masu wanki, su suka ɗebo duwatsun nan a ka daga bakin rafi bayan an tashi daga aiki, shekara ɗari da ashirin ke nan. Littafin baftismarsu yana wurinki, naɗe cikin zane, tun damunar da rufin ya fara yoyo. Danshi ya riga ya cinye shafin farko mai ɗauke da sunayensu. Shekara uku kika yi kina bin tsofaffi gida gida, kina jure maimaicinsu da mantuwarsu, har kika dawo da sunaye ashirin da bakwai. Huɗun da suka ɓace sun tsaya miki a rai har ƙarshe.

Ranar taron ikilisiya ba ki yi gardama da kowa ba. Kin miƙe da sandarki, kika roƙi duk wanda ya ji sunan kakansa ko kakarsa ya tashi tsaye, sannan kika fara karantawa a hankali. Kafin ki kai ƙarshe fiye da rabin jama'a suna tsaye, har da shugaban dattawan, kansa a sunkuye. Duk da haka da ƙuri'a biyu kacal muka tsira. Tsohon gidan fasto da ke gefen majami'ar kuwa bai tsira ba, domin ni da kaina na rubuta cewa ba zai gyaru ba. Wata biyu kina amsa gaisuwata a taƙaice.

Ba duwatsu kaɗai kika kula da su ba. Kowace Alhamis kina koya wa manyan mata karatu a ƙaramar majami'ar, wasu sun girmi 'ya'yanki. Lokacin da matata ta rasu, na kasa shiga babbar majami'a saboda idon jama'a. Ban faɗa wa kowa ba. Kika aiko mini da makullin ƙaramar, da 'yar takarda: "Babu kowa daga ƙarfe biyu zuwa huɗu." Ba ki taɓa tayar da maganar ba bayan haka.

An gama gyara a watan jiya, an sa ranar buɗewa cikin Agusta. A asibiti kika tambaye ni ko mun taɓa tsofaffin bencunan. Na ce goge su kawai muka yi. Kika ce, "Madalla." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Iyalinki suka roƙi kada a jira Agusta. Ranar Asabar aka buɗe ƙofar, kuma sujadar jana'izarki ce ta farko a ciki. Benci goma sha biyu ba su ɗauke mu ba. Aka buɗe tagogin duka, waɗanda suka cika filin waje suka riƙa karɓar waƙar daga bakin na ciki.

Ubangiji ya ji ƙanki, Malama, ya gafarta miki kurakuranki, ya karɓe ki cikin hutunsa. Ga 'ya'yanki huɗu, da jikokinki, da ƙanwarki da ta kwana da ke a asibiti har ranar ƙarshe, ina miƙa ta'aziyyata da ta 'ya'yana. Allah ya ba ku haƙuri, ya ta'azantar da mu duka, ya sa mu iya riƙon abin da ta bar mana.