Mijinyawa da Garmahon Kawunsa

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a Kasuwar Ose ta Anacha ya san Malam Mijinyawa, dattijon nan da yake kaɗa buhu da yatsu in ciniki ya yi sanyi. Kaɗan ne suka san da jita yatsun suka fara sabawa.

Yana saurayi ya sauko daga Yelwa wurin kawunsa, zamanin da sai da jirgin fito ake ƙetare Kwara. Kawun yana da tsohon garmaho da faya-fayan kiɗan Turawa na rokanrol da wani matuƙin jirgi ya bar masa. A gindin garmahon nan Mijinyawa ya koyi kowace waƙa da kunne, har wani otal ya ɗauke shi kiɗan ranar Asabar. Daga baya rawa ta canja, otal ya zama shagon taya, shi kuma ya kama albasa.

Da ya haura saba'in, yatsunsa suka fara sanƙarewa da safe. Ya ƙudura zai tara waƙoƙin nan a faifai guda don girmama masu su, tun hannu bai ƙi ba. Ya nufi situdiyon ɗaukar waƙa na Aslam, ɗan maƙwabcinsa, matarsa Dije na biye, wai ta ga abin kunya da idonta.

Ya ɗauki jita, ya kama waƙar farko. Mai gangar situdiyon ya bi shi har ya jiƙe da gumi, sannan ya ajiye sanduna.

"Baba, okada kake tuƙawa?" in ji Aslam. "Ba haka take ba. Ji ta asali."

Ya kunna ta a waya. Waƙar ce, amma tafe take a natse, muryar mawaƙin kuma mai kauri. Sai a ranar Mijinyawa ya gane garmahon kawu gudu yake yi fiye da ƙa'ida. Duk waƙar da ya iya, da wannan gudun ya iya ta.

Mutum ne mai son daidai, don haka ya ce a bi ta waya. Yatsunsa suka riƙa riga ganga isa, su tsaya jira kamar fasinja a tasha. Ya sake, ya kuma sakewa, abin sai ƙara lalacewa yake.

Dije ta gyara mayafi. "Malam, wannan ai ta zaman makoki ce. Ni ba da ita ka yaudare ni ba."

"Ke, haka masu ita suka yi ta."

"To su zo Anacha su kai ƙara. Ka dai tsufa ne, kana neman wurin hutawa."

"Ni? Aslam, kashe wayar nan!" Ya juya ga mai ganga. "Ɗana, sha ruwa, ka riƙe sandunanka da kyau."

Kafin la'asar an ɗauki faifan duka, da gudunsa. Mai ganga ya yi kwanaki ba ya iya ɗaga hannu.