Mai Shagon da Ba Ya Jin Warinmu

Jiya na bi ta unguwar Challawa, warin kamfanin jimar fata ya buge ni, sai marigayi Alhaji mai shago ya faɗo mini a rai.

Shekaru arba'in baya, can nake aiki. In mun tashi, ko a motar haya gudunmu ake yi. Shi kuwa in mun je shagonsa, tabarmarsa yake shimfiɗa mana, ya sa hannu a kwanonmu. Ga sabulu jere a kanta, bai taɓa ce mana mu saya ba.

Wata rana na ce, "Alhaji, warin nan ba ya damunku?"

Ya ce, "Wane wari?"

Na ɗauka hancinsa ne ya mutu. Amma shi ne ya ɗebi baƙin ruwan da kamfani ke sako wa unguwa a kwalba, ya buɗe ta a teburin manaja, ya ƙi tashi sai da aka yarda a gina magudana.

Warin ruwan nan da na jikinmu ɗaya ne. Yadda ya ji wancan bai ji namu ba, har yau na kasa ganewa.

Allah Ya cika kabarinsa da ƙamshin Aljanna.